Joj Washinton, shugaban ƙasar Amurka na farko

1. Ƙuruciyarsa

Ƙasar Amurka tana yamma da Afirka, a hayin babban tekun Atlantika. Yau tana da jihohi 50 da mutane fiye da miliyan 330. Amma shekara 300 da suka wuce ba ta zama ƙasa ba tukuna. Turawa ne suka zo cikin jiragen ruwa, suka zauna bakin teku, suka riƙa tura ƴan asalin wurin zuwa yamma. Waɗannan ƴan asalin su ne Turawa suka laƙaba ma suna Indiyawa. Sannu a hankali mazaunin Turawan Ingila ya kai yanki 13, dukansu ƙarƙashin sarkin Ingila.

Cikin ɗaya daga yankunan nan, mai suna Birjiniya, aka haifi Joj Washinton, ran 22 ga watan Fabrairu na shekara ta 1732. Ubansa manomi ne mai gonakin taba. Bayi ne ke yi masa noma, baƙaƙen mutane waɗanda aka kamo su, ko aka kamo iyayensu, daga Afirka.

Joj yana da shekara 11 ubansa ya rasu. Saboda haka bai samu zuwa Ingila karatu ba kamar yayyensa. Ya dai koyi karatu da rubutu da lissafi a gida da makarantun kusa. Lissafi ya fi shiga kansa. Da ya kai shekara 16 sai ya bi masu awon ƙasa cikin daji, suna auna filaye, suna zana taswira. Can ya koyi hawan doki yini guda, da kwana a ƙasa, da haƙuri da yunwa da sanyi. Yana ɗan shekara 17 aka ba shi aikin awon ƙasa na gwamnati.

Akwai wani wansa, uba ɗaya, ana ce da shi Lorans, wanda ya riƙe shi kamar ɗa. Lorans ya kamu da ciwon ƙirji, cikin 1751 Joj ya raka shi tsibirin Barbados neman lafiya. A can Joj ya kamu da agana, ya warke, ta bar masa zane a fuska. Wannan ita ce tafiya ɗaya tak da ya taɓa yi zuwa wata ƙasa ta hayin teku. Lorans bai tashi ba, ya rasu cikin 1752. Daga baya gidan gonarsa mai suna Maunt Banon, a bakin kogin Potomak, ya koma hannun Joj.

2. Soja da manomi

A zamanin nan Ingila da Faransa suna gardama kan ƙasar da ke bakin kogin Ohayo. Kowa yana cewa tasa ce, ko da yake Indiyawa ne ke zaune cikinta. Cikin 1753 gwamnan Birjiniya ya aiki Washinton da takarda wurin sojojin Faransa, wai su tashi daga wurin. Suka ƙi. Da shekara ta kewayo aka komar da shi da ƴan sojoji kaɗan. Faransawa suka kewaye shi, ya rasa yadda zai yi, ya miƙa wuya. Cikin 1755 kuma ya bi wani janar na Ingila mai suna Biradok, aka yi musu kwanton ɓauna cikin kurmi. Janar ɗin ya mutu. Aka harbe doki biyu Washinton yana bisansu, harsashi huɗu suka huda rigarsa, amma ko ƙwarzane bai yi ba. Shi ne ya taimaka aka tattara sauran sojoji aka fid da su.

Ya bar aikin soja a ƙarshen 1758. Cikin Janairu na 1759 ya auri Marta Kastis, mace mai dukiya wadda mijinta ya rasu ya bar ta da ƴaƴa biyu. Shi Washinton bai taɓa haihuwa ba, ƴaƴan Marta ya rena. Ya zauna Maunt Banon yana noma. Da ya ga taba tana kashe ƙasa, kuma ƴan kasuwar Ingila ne ke cin ribarta, sai ya koma noman alkama.

Birjiniya tana da majalisa tata, wadda masu gonaki ke zaɓe. Washinton ya nemi shiga cikin 1755, bai samu ba. Cikin 1758 ya sake tsayawa, ya ci. Ya yi shekara wajen 15 cikin majalisar. Ba mai yawan magana ba ne, amma yana saurare. Nan ya ga yadda ake kawo shawara, a yi gardama, a jefa ƙuri'a, wanda aka kayar ya haƙura ya bi abin da masu rinjaye suka yanke.

3. Yaƙin neman ƴanci

Yaƙin da Ingila ta yi da Faransa ya ci mata kuɗi ƙwarai. Sai majalisar Ingila ta aza ma yankunan Amurka sababbin haraji: na takardu cikin 1765, daga baya na shayi da waɗansu kaya. Mutanen yankunan suka ce ba su yarda ba. Hujjarsu ita ce ba su da wakili ko ɗaya cikin majalisar Ingila, don haka ba ta da ikon taɓa aljihunsu. Cikin 1773 waɗansu mutanen birnin Boston suka hau jirage da dare, suka zubar da akwatin shayi 342 cikin teku. Sarki ya husata, ya rufe tashar jiragen birnin.

Wakilan yankunan suka taru a birnin Filadelfiya cikin 1774, Washinton yana cikinsu. Cikin Afrilu na 1775 aka fara ɓarin wuta kusa da Boston. Taron wakilai, wanda ake kira Majalisa, ya naɗa Washinton babban kwamandan sojoji cikin watan Yuni. Ya karɓa, amma ya ƙi albashi. Abin da ya kashe wajen aiki kaɗai ya yarda a biya shi. Ran 4 ga Yuli na 1776 Majalisa ta yi shelar cewa yankunan 13 sun zama jihohi masu ƴanci. Tomas Jefason ne ya tsara takardar shelar. Har yau ran 4 ga Yuli ce ranar bikin ƴanci a Amurka.

Shela ba ta da wuya, yaƙin ne mai wuya. Sojojin Ingila ƙwararru ne, ga jirage, ga makamai. Na Washinton kuwa yawancinsu manoma ne, in wa'adinsu ya cika sai su koma gona. Cikin 1776 aka kore shi daga birnin Niyok, rundunarsa ta kusa watsewa. Daren 25 ga Disamba ya ƙetare kogin Delawe da sojojinsa cikin kwale-kwale, ga ƙanƙara tana yawo bisa ruwa. Da safe ya faɗa ma abokan gaba a garin Tiranton, ya kama wajen mutum 900. Wannan nasara ta komo ma mutane da ƙarfin zuciya.

Lokacin sanyi na 1777 zuwa 1778 rundunar ta yi zango a wani wuri mai suna Bali Foj. Babu isasshen abinci, babu barguna, waɗansu ko takalma ba su da su. Wajen soja 2.000 suka mutu, yawanci saboda cuta. Washinton ya yi ta rubuta ma Majalisa yana roƙon abinci da tufafi. Majalisa ba ta da kuɗi, kuma tana da nawa. Duk da haka bai taɓa juya bindiga wajenta ba. A ganinsa ita ta ba shi aiki, shi kuwa ma'aikacinta ne.

Cikin 1778 Faransa ta ƙulla alkawari da Amurka, ta aiko da kuɗi da jirage da sojoji. Tun kafin nan wani saurayi Bafaranshe ɗan shekara 19, Lafayet, ya riga ya zo da kansa, ya zama kamar ɗa ga Washinton. Cikin Oktoba na 1781 sojojin Amurka da na Faransa suka kewaye rundunar Ingila a Yoktawun, jiragen Faransa suka tare hanyar teku. Ran 19 ga wata janar Konwalis ya miƙa wuya da soja fiye da 7.000. Cikin 1783 aka sa hannu ga takardar sulhu a birnin Pari, Ingila ta yarda da ƴancin Amurka.

Yaƙin nan bai zama alheri ga kowa ba. Da yawa daga ƙabilun Irokwa sun goyi bayan Ingila. Cikin 1779 Washinton ya ba da umurni, sojojinsa suka ƙone garuruwansu wajen 40 tare da gonakinsu da rumbunansu. Mutane da dama suka mutu da yunwa da sanyi.

4. Ya ƙi sarauta

Da yaƙi ya zo ƙarshe, wani hatsari ya taso daga cikin gida. Sojoji sun daɗe ba a biya su ba. Cikin Mayu na 1782 wani kanal mai suna Nikola ya rubuta ma Washinton takarda. Ya nuna masa cewa Majalisa ta kasa, abin da ya fi shi ne a yi sarki, kuma shi ne ya dace. A ranar Washinton ya mai da amsa mai zafi. Ya nuna ɓacin ransa, ya gargaɗe shi kada ya ƙara kawo irin wannan magana.

Cikin Maris na 1783, a zangon Niyubag, wata takarda marar suna ta riƙa yawo hannun hafsoshi. Tana zuga su kada su ajiye makamai sai Majalisa ta biya su. Hafsoshi suka taru ran 15 ga wata. Ba zato sai ga Washinton ya shigo. Ya yi musu jawabi, ya roƙe su kada su ɓata da hannunsu abin da suka sha wuya a kansa shekara takwas. Fuskoki dai ba su saki ba. Sai ya fid da wata takarda ta wani ɗan Majalisa don ya karanta musu. Ya duba, ya kasa ganin baƙaƙen. Ya sa hannu aljihu ya ɗauko tabarau, abin da yawancinsu ba su taɓa ganinsa da shi ba. Ya nemi gafararsu, ya shaida musu cewa wajen bautar ƙasa ya yi furfura, ga shi kuma idanunsa sun fara gazawa. Jikin kowa ya yi sanyi, waɗansu har da hawaye. Da ya fita, hafsoshin suka yanke shawarar bin Majalisa.

Ran 23 ga Disamba na 1783 yana garin Anapolis, inda Majalisa ke zama. Ya tsaya gaban wakilai, ya mai da musu takardar da suka naɗa shi kwamanda da ita. Kashegari ya isa gonarsa. Labarin ya ba mutane mamaki har Turai, domin abin da aka saba gani shi ne wanda ya ci yaƙi ya hau gadon mulki.

5. Tsarin mulki

Ƴanci ya samu, amma zama bai daidaita ba. Kowace jiha tana yin abin da ta ga dama. Majalisa ba ta da ikon karɓar haraji, sai dai ta roƙi jihohi. Babu shugaban ƙasa, babu kotun ƙasa. Bashin yaƙi ya yi yawa. Cikin 1786 manoman jihar Masacuset, waɗanda ake ƙwace ma gonaki saboda bashi, suka ɗauki makamai. Manya suka ga in ba a yi gyara ba, jihohin za su watse.

Saboda haka aka kira taro a Filadelfiya cikin Mayu na 1787. Wakili 55 suka zo daga jiha 12. Suka zaɓi Washinton ya shugabanci taron. Suka rufe ƙofofi da tagogi, suka yi wata huɗu suna gardama cikin zafi. Shi bai cika sa baki ba, amma zamansa a wurin ya sa mutanen waje suka amince da taron. Jems Madison ne ya fi kowa aiki wajen tsara shawarwari. Ran 17 ga Satumba wakili 39 suka sa hannu ga takardar da ake kira tsarin mulki, wato babbar dokar da ke bisa dukan dokoki. Ita ce Amurka ke aiki da ita har yau.

Masu taron suna tsoron abu biyu: gwamnati marar ƙarfi, da gwamnatin da ƙarfinta ya taru hannun mutum ɗaya. Sai suka raba iko kashi uku, kamar duwatsun murhu, waɗanda in an cire ɗaya tukunya ba ta zama.

Kashi na farko ita ce Majalisa, mai yin dokoki. Ita ke aza haraji, ita ke yanke yadda za a kashe kuɗin ƙasa, ita ke da ikon shelar yaƙi. Wajen tsara ta aka yi gardama mafi zafi. Manyan jihohi suna so a ba kowace jiha wakilai gwargwadon yawan mutanenta. Ƙananan jihohi suna so a yi daidai wa daida. Aka sasanta, aka yi ɗaki biyu. A Majalisar Wakilai ana bin yawan mutane, kuma ana zaɓe kowace shekara biyu. A Majalisar Dattawa kowace jiha tana da mutum biyu, babba ce ko ƙarama, kuma kowane yana yin shekara shida. Yau wakilai 435 ne, dattawa 100. Doka ba ta wucewa sai ɗakunan biyu sun yarda.

Kashi na biyu shi ne shugaban ƙasa, mai zartad da dokoki. Ana zaɓensa don shekara huɗu. Shi ne babban kwamandan sojoji, ko da shi ba soja ba ne. Yana iya ƙin sa hannu ga doka. Amma in kashi biyu cikin uku na kowane ɗaki suka sake yarda da ita, ta zama doka ko bai so ba. In ya yi babban laifi, Majalisar Wakilai tana iya tuhumarsa, Majalisar Dattawa ta yi masa shari'a, in ta kama shi da laifi ta tuɓe shi.

Kashi na uku su ne kotuna, da Kotun Ƙoli bisansu. Shugaban ƙasa ne ke kawo sunan alƙali, Majalisar Dattawa ta amince. In an naɗa shi, shugaba ba ya iya korarsa. Da farko alƙalan Kotun Ƙoli shida ne, yau tara.

Ban da wannan, an raba iko tsakanin gwamnatin tarayya da jihohi. Kowace jiha tana da gwamnanta da majalisarta da kotunanta. Cikin 1791 aka ƙara gyara 10 ga tsarin mulki, masu kare haƙƙin mutum: ƴancin addini, da na magana, da na jarida, da na taro, da haƙƙin a yi ma mutum shari'a ta gaskiya. Zuwa yau gyare-gyaren sun kai 27.

6. Shugaban ƙasa

Tsarin mulki bai ce jama'a su zaɓi shugaba kai tsaye ba. Kowace jiha tana fid da wakilan zaɓe, su ne ke jefa ƙuri'ar ƙarshe. A zaɓen farko, cikin 1789, wakilan zaɓe 69 ne, kuma dukansu Washinton suka zaɓa. Cikin 1792 sun kai 132, nan ma babu wanda ya ƙi shi. Babu wani shugaba bayansa da ya samu haka. Jon Adams ya zama mataimakinsa.

Yana da gonaki masu yawa amma kuɗin hannu sun yi masa ƙaranci, har sai da ya ci bashi kafin ya kama hanyar Niyok, babban birni na lokacin. Ran 30 ga Afrilu na 1789 ya yi rantsuwa. Bai sa kayan soja ba. Ya sa tufafi masu ruwan ƙasa, na yadin da aka saƙa a Amurka. Waɗansu dattawa suka so a riƙa kiransa da kirari irin na sarakuna. Majalisar Wakilai ta ƙi, aka tsaya ga sunan shugaban ƙasa kawai.

Ya san duk abin da ya yi, na bayansa za su bi. Ya naɗa ministoci yana shawara da su. Jefason ya riƙe harkokin waje, Alekzanda Hamilton ya riƙe kuɗi. Cikin 1790 aka yi ƙidayar farko, aka samu mutum kusan miliyan 4, wajen 700.000 daga cikinsu bayi. Cikin shekara takwas, doka biyu kaɗai ya ƙi sa ma hannu. Da yaƙi ya tashi tsakanin Faransa da Ingila cikin 1793, ya hana Amurka shiga, domin ƙasar jaririya ce tukuna.

Cikin 1794 manoman yammacin jihar Pensilbaniya suka ƙi biyan harajin barasa, suka far ma masu karɓar haraji. Washinton ya tara soja wajen 13.000. Hujjarsa ita ce wannan haraji wakilan jama'a ne suka aza shi, wanda bai so shi ba sai ya nemi a sake shi ta hanyar zaɓe. Kafin sojoji su isa, masu tawaye sun watse. Kotu ta yanke ma mutum biyu hukuncin kisa, shi kuwa ya yafe musu.

Abin da ya fi damunsa shi ne rikicin ministocinsa. Hamilton yana son gwamnatin tarayya mai ƙarfi, da banki, da ciniki da Ingila. Jefason yana son ƙarfin ya zauna wurin jihohi da manoma, kuma zuciyarsa tana wajen Faransa. Daga nan jam'iyyu biyu na farko suka fito. Washinton bai shiga ko ɗaya ba, ko da yake ra'ayinsa ya fi kusa da na Hamilton. Jaridu suka riƙa sukarsa, abin yana yi masa ciwo, amma bai rufe ko ɗaya ba.

7. Ya sauka da kansa

A lokacin babu dokar da ta hana shugaba tsayawa sau uku ko sau huɗu. Da ya nema, da wuya a kayar da shi. Amma ya gaji, kuma ba ya so ya mutu bisa mulki, kada mutane su ɗauka shugabanci na har mutuwa ne kamar sarauta. Cikin Satumba na 1796 ya sa aka buga takardar ban kwana cikin jarida. Ya gargaɗi mutane kan abu uku: rarrabuwa tsakanin kudu da arewa ko gabas da yamma, da gabar jam'iyyu, da ɗaure ƙasa ga wata ƙasar waje har abada.

Aka yi zaɓe, Adams ya samu ƙuri'a 71, Jefason 68. Ran 4 ga Maris na 1797 Washinton ya zo ya zauna yana kallo Adams ya yi rantsuwa. Sa'an nan ya koma Maunt Banon.

Shugabannin da suka biyo baya suka riƙe wannan al'ada ta wa'adi biyu har shekara fiye da 140. Faranklin Rusbelt kaɗai ya wuce ta, aka zaɓe shi sau huɗu, daga 1932 zuwa 1944. Bayansa aka mai da al'adar doka. Tun 1951 tsarin mulki ya hana a zaɓi mutum shugaban ƙasa fiye da sau biyu.

8. Bayin Maunt Banon

Mutumin da ya yi yaƙi don ƴanci ya mallaki bayi tun yana ɗan shekara 11 har ya mutu. Suna aiki daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ba lada. Tsarin mulkin da ya sa ma hannu bai hana bauta ba. Cikin 1796 wata baiwar Marta mai suna Ona Jaj ta gudu daga gidan shugaban ƙasa a Filadelfiya, ta tafi arewa. Washinton ya aika a komo da ita, ta ƙi, ba a kuwa kama ta ba har ƙarshen ranta.

Da girma ya zo masa, ya riƙa nuna cikin wasiƙunsa cewa yana so a kawar da bauta sannu a hankali, amma bai taɓa fitowa fili ya yaƙe ta ba. Cikin 1799 akwai bawa 317 a Maunt Banon. 123 nasa ne, sauran yawancinsu na gadon mijin Marta na farko ne, ba shi da ikon ƴanta su. Cikin wasiyyarsa ya ce a ƴanta nasa bayan mutuwar matarsa, a kuma ciyad da tsofaffinsu. Marta ba ta jira ba, ta ƴanta su ran 1 ga Janairu na 1801. Sauran aka raba ma jikokinta, aka raba miji da mata, uwa da ɗa. Ba a kashe bauta a Amurka ba sai 1865, bayan wani babban yaƙin basasa.

9. Rasuwarsa da abin da ya bari

Ran 12 ga Disamba na 1799 ya yini bisa doki yana zagaya gonaki cikin ruwa da ƙanƙara. Maƙogwaronsa ya kumbura. Likitoci suka yi ta zubar masa da jini, irin maganin zamanin, abin bai yi amfani ba. Ya rasu daren 14 ga wata, yana da shekara 67. Aka binne shi a Maunt Banon. Cikin 1800 gwamnati ta ƙaura zuwa sabon babban birni a bakin kogin Potomak, wanda aka sa ma sunansa. Hotonsa ne ke bisa takardar dala ɗaya.

A zamaninsa, a yawancin jihohi, farar fata namiji mai dukiya ne kaɗai ke jefa ƙuri'a. Sauran mutane sun yi gwagwarmaya mai tsawo kafin su samu. Cikin 1870 aka rubuta cewa ba a hana mutum zaɓe saboda launin fatarsa, amma jihohin kudu suka yi ta dabarun hana baƙaƙe har aka yi dokar 1965. Mata sun samu haƙƙin zaɓe a duk ƙasar cikin 1920. Cikin 1971 aka mai da shekarun zaɓe 18.

Yau ana zaɓen shugaba kowace shekara huɗu, ran Talatar da ke bin Litinin ta farko ta watan Nuwamba. Manyan jam'iyyu biyu ne, Demokrat da Ripablikan. Kowace jiha tana da wakilan zaɓe daidai da jimillar wakilanta da dattawanta, babban birni kuma yana da 3. Duka 538 ke nan, mai son ci sai ya samu 270. A kusan dukan jihohi, wanda ya fi ƙuri'ar jama'a shi ke kwashe wakilan zaɓen jihar gaba ɗaya. Shi ya sa mutum yana iya fin ƙuri'a a ƙasa baki ɗaya amma ya faɗi, kamar yadda ya faru cikin 2000 da 2016. Ran 20 ga Janairu sabon shugaba ke yin rantsuwa, da kalmomin da ke cikin tsarin mulki, waɗanda Washinton ya fara faɗi cikin 1789.

Ma'anar kalmomi

Tsarin mulki: babbar dokar da ke nuna yadda za a mulki ƙasa da iyakar ikon kowa.
Tarayya: haɗuwar jihohi ƙarƙashin gwamnati ɗaya, kowace tana riƙe da wani iko nata.
Wa'adi: tsawon lokacin da aka yanka ma mutum ya riƙe aiki.
Hafsa: babban soja mai ba da umurni.
Wasiyya: abin da mutum ya ce a yi da dukiyarsa bayan mutuwarsa.

Tambayoyi

1. Me ya sa mutanen yankuna 13 suka ƙi biyan harajin Ingila?
2. Ku ba da labarin abin da ya faru a Niyubag da bakinku.
3. Sau nawa Washinton ya ajiye iko da kansa? A waɗanne shekaru?
4. Ku faɗi kashi uku na iko da aikin kowane.
5. Wata jiha tana da wakili 9 a Majalisar Wakilai. Wakilan zaɓe nawa take da su?
6. Su wa ba su samu ƴanci ba a zamanin Washinton? Yaushe suka samu haƙƙin zaɓe?
7. Ku duba taswira, ku nuna tekun Atlantika, da Ingila, da Faransa, da birnin Washinton.